Kwat ɗin Alhaji

A wani shagon kayan Afirka da ke titin Gate City Boulevard a Amurka, mata biyu da ba su san juna ba suna jiran a yanka musu nama: Bakanuwa mai gilashi, da 'yar Nijar cikin rigar aikin otal.

"Faruk ɗina an sa shi ajin masu baiwa," in ji mai gilashin. "Ƙwaƙwalwa ce, daga Allah."

"Masha Allah, Hajiya. Dalila tawa ita ce ta ɗaya a lissafi, yare huɗu take ji, amma ba a ɗauke ta ba. Malama ta rubuta wai ba ta kallon mutane, ba ta tambaya."

"Au, sunkuyar da kai kika koya mata?"

"To ɗiya ta zuba wa babba ido? Ina tarbiyya?"

"Tarbiyya a Amurka! Ɗan Bature ya katse malama, a ce haziƙi ne. Namu baƙi ya katse ta, a kira iyayensa. Ya yi shiru, a ce bai gane ba."

"To naki yaya ya shiga?"

"Sau biyu suka ƙi shi a tsohuwar unguwarmu, East Greensboro. Muka koma unguwar Turawa, muka ɗaukar masa mai lesin, maigidana Alhaji ya sa kwat ya je ofishin makaranta ya buga tebur. Sai ga takardar shiga."

'Yar Nijar ta karɓi ledar namanta.

"Ikon Allah! Ashe baiwar a kwat ɗin Alhaji take. Ki ara mini kwat ɗin ranar Litinin, Hajiya. Ni zan buga teburin, Dalila ta yi mini tafinta."