Mutum Biyu a Gidan Ungozoma

A tasha, ana jiran mota ta cika, wani dattijo ya juya ga matar da ke gefensa.

"Baiwar Allah, garin nan na bayan dutse za ki? Na ji an ce kogi ya cinye shi."

"Tsohon garin ya ci, Baba. Shekara goma sha biyu ke nan da muka koma kan tudu."

"Mutanen fa?"

"Muna nan, gida tamanin da uku."

Dattijon ya murza hannun jakarsa. "Akwai wata ungozoma, da gidanta na bakin rijiya."

"Mafaɗaciyar nan? Tana nan daram! Duk zuwan masu ƙidaya sai an yi rigima da ita. Ita kaɗai ce a gidan, amma ta kafe su biyu ne, dole a rubuta ƙaninta. Mutumin da ya bar gari shekara talatin, ko wasiƙa babu!"

"Alhamdu lillahi," in ji dattijon, yana share ido. "Har yanzu tana sa a rubuta ni?"

Matar ta ƙare masa kallo.

"Au! Ashe ba ƙarya take wa hukuma ba. To Baba, ka dai shirya kunnuwanka."