Wa Zai Shafa wa Sosibiyos Mai?

Ya mai girma shugaban wannan zama, Timokilas ɗan Agiyas. Ya ku dattawan majalisa da ke zaune a layin gaba. Ya kai mai hidimar ɗakin bautar Harmis, da kai shugaban gidan kokawa. Ya ku manoman zaitun da kuka sauko daga tudu tun da sassafe, da ku masunta da kuka bar taru shanye a bakin ruwa, da maƙera, da masu ginin tukwane. Ya ku mazan wannan tsibiri baki ɗaya, ina gaishe ku gaisuwar girmamawa, gaisuwar wanda ya san ku ciki da waje.

Da na ce ciki da waje, ba a baki kawai na faɗa ba. Ni ne Nikeratos ɗan Bolon, shekarata talatin da takwas ina shafa wa 'yan kokawar garin nan mai. Da wuya a sami namiji a nan wanda bai taɓa tuɓe riga ya ba ni bayansa ba. Na san wanda ke da tsohon targaɗe, na san wanda ke ihu idan an danna masa haƙarƙari, kuma ku kwantar da hankalinku, ba duka zan faɗa yau ba.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni dama in hau wannan dutse na masu jawabi, ni da ban taɓa hawansa ba tun da aka haife ni. Ina godiya ga Dorkon, wanda ya yi magana kafin ni, domin ya faɗi abin da ke ransa a fili, bai bi ta bayan gida ba. Ina kuma godiya gare ku da za ku yi haƙuri da bakin da bai saba da taro ba.

Ga abin da ya tara mu. Kwana goma ke nan majalisa ta karɓi shawarar Dorkon, ta rubuta doka, aka kafa ta a ƙofar gidan kokawa, cewa bawan da aka 'yanta, ko ɗansa, ba za a ƙara shafa masa man gari ba, kuma duk mai shafan da ya ɗora masa hannu za a kore shi daga gidan har ƙarshen ransa. Yau ku ne za ku tabbatar da ita ko ku soke ta. An rubuta dokar kamar ta shafi mutane da yawa, amma kowa a nan ya san mutum ɗaya ta shafa: Sosibiyos ɗan Dawos, wanda ya kayar da kowa a kokawar zaɓen wakili ta bana, wanda ya kamata ya shiga jirgi nan da kwana shida ya je wasannin tsibirin Kos ya yi kokawa da sunanmu. Idan dokar ta tsaya, jirgin zai tashi babu shi, kuma mutumin da ke da shekara ashirin da tara ba ya da wasu wasanni da yawa da zai jira.

Ni ban iya maganar doka ba. Mai na sani, da sunayensa, don haka ta nan zan bi.

Na farko, elayon, man zaitun tsagwaronsa, wanda muke ci, muke kunna fitila da shi, muke shafawa. Dorkon ya ce bana ya yi ƙaranci, dole a taƙaita. Gaskiya ya faɗa. Tsutsa ta ci zaitun, ni ma ina leƙa randar gari ina ganin yadda take raguwa. To amma nawa ne mutum ɗaya yake sha? Ƙaramin ludayi guda. Sosibiyos ƙato ne, ku ce ɗaya da rabi. A kan ludayi ɗaya da rabi za mu hana tsibiri wakili? Sannan ina tambayar manoman tudu, su da suka sani: wa ya juya dutsen matsar man nan shekara talatin, yana bawa, kuma ya ci gaba da juya shi bayan ubangidansa ya 'yanta shi a gaban shaidu? Dawos ne, uban Sosibiyos. Shi yake ɗauko tulun a kafaɗa ya kawo har ƙofar gidan kokawa, ya sauke, ya tsaya a waje. Bai taɓa tsallaka dokin ƙofar ba ko sau ɗaya. Sai ya leƙa ya ce mini, "Nikeratos, yaya mutumin naka? Yana jin magana kuwa?" In ce masa, "Yana ji, sai dai ci. Ka ƙara masa sha'ir, ko ya cinye mu." Ya yi dariya, ya ɗauki tulun da babu komai, ya koma tudu. Bara ya mutu, bai taɓa ganin ɗansa yana kokawa a cikin gidan ba. Man da ya matsa da ƙashin bayansa ne yau muke cewa ya fi ƙarfin fatar ɗansa, kuma ni wannan yana ba ni kunya.

Na biyu, muron, mai ƙamshi, wanda ake jiƙa wa fure da itacen ƙamshi. In dai tsimi ake so, ga inda za a fara. Tsohuwar dokarmu ta hana shiga rairayin kokawa da muron, kuma kowa ya san an daɗe da rufe ido a kanta. Samarin manyan gidaje suna zuwa sai rana ta take, ido a kumbure, su miƙe a kan benci su ce, "Tsoho, ɗan ƙara na furen nan mana, yau akwai walima." In ce, "Kokawa ka zo ko kai amarya?" Su yi dariya, su juya sau biyu a rairayi don a ce sun zo, su kankare, su tafi. Man da ake ɓatawa wajen haɗa musu ƙamshin wata ɗaya ya ishi Sosibiyos shekara. Wannan ba a rubuta masa doka ba, ba a kafa komai a ƙofa ba.

Na ji ana raɗa a kasuwa cewa abin da ya haifi dokar nan shi ne kayen da Sosibiyos ya yi wa Filistos ɗan Dorkon sau uku a ranar zaɓe. Ni ba zan ce haka ba, tun da ban shiga zuciyar kowa ba. Abin da na gani da idona shi zan faɗa. Filistos ba ya cikin masu muron, yaron kirki ne, mai ƙwazo. Da ya sha ƙasa karo na uku, ya tashi, ya tofar da rairayi, ya riƙe hannun Sosibiyos ya ce, "Kai, ƙato, ka gama da ni. Je ka yi wa na Kos haka, kada in zama ni kaɗai." Wanda aka kayar ya yarda da kayen a gaban jama'a. Ina roƙon waɗanda ba su shiga rairayin ba su yarda kamar yadda ya yarda.

Na uku, giloyos. Ku gafarce ni, dattawa, zan shiga inda ba a so. Bayan kokawa kowa yakan sa ƙarfe ya kankare jikinsa, mai da gumi da rairayi su sauko tare, mu tara a tukunya ɗaya, masu magani su zo su ɗiba don ciwon gwiwa da kumburin gaɓoɓi. Tukunya ɗaya na ce, ba biyu ba. Dorkon ya tsaya a nan ɗazu ya ce fatar ɗan bawa tana ɓata mai, tana ɓata rairayi, tana zubar da mutuncin 'ya'yan gari. To shekara goma sha ɗaya ke nan gumin Sosibiyos yana sauka a tukunyar nan, kuma shekara goma sha ɗaya rabin layin gaban nan suna shafa shi a gwiwa suna samun barci. Ban ji wanda ƙafarsa ta ruɓe ba.

Dorkon, ka yi haƙuri, kai ka kawo maganar fata. A sanyin bara ka shigo kana dogara sanda, ka ja ni gefe, ka ce, "Nikeratos, na masu magani ba ya yi mini komai, sun gauraya shi da na ragwaye. Ka keɓe mini na ƙarfafa." Na ce, "Na wa kake so?" Ka nuna da sandarka ka ce, "Na wancan ƙaton." Na rantse da Harmis, wanda ka nuna Sosibiyos ne. Na keɓe maka shi har sau huɗu, ga shi yau ka hau dutsen nan babu sanda, kuma na yi murna da ganin haka. Amma ka zaɓi ɗaya. Ko dai gumin mutumin nan ƙazanta ne, ko kuwa magani ne. Ba zai zama magani a gwiwarka ya zama ƙazanta a rairayi ba.

Na huɗu, wani zai ce, ai mai yana kasuwa, ya saya ya shafa a gidansa mana. Haba, jama'a! Wa muke yi wa wannan magana? A garin nan, idan za mu kira mazan gidan kokawa, ba ma cewa masu gudu, ba ma cewa masu jifa. Alefomenoi muke cewa, waɗanda ake shafa wa mai, kuma da wannan suna ake rubuta mu a jikin dutse, da shi alƙalan Kos za su tambaya. Man gari ne, daga randar gari, da hannun mai shafan gari, shi yake sa mutum ya zama namu. Wanda aka hana shi, an cire shi daga cikinmu ne, ko da a ce ya yi wanka da mai a ɗakinsa. Kuma shafa ba zuba mai ba ce kamar ana soya kifi. Akwai jijiya a ƙarƙashin kafaɗar hagun Sosibiyos da take ɗaurewa tun wata faɗuwa da ya yi shekara shida da suka wuce. Hannunsa ba ya kaiwa wurin. Idan ba a warware ta kullum ba, hannun ba ya ɗaguwa sama da kai. Kwana goma yana fita bakin teku shi kaɗai yana ɗaga duwatsu, babu abokin kokawa, domin kowa yana tsoron a gan shi tare da shi, kuma babu wanda ya taɓa masa kafaɗar.

Yanzu zan gaya muku abin da ban gaya wa shugaban gidan kokawa ba, gara ya ji shi tare da ku. Yau da safe, kafin mai shela ya kira taro, Sosibiyos ya zo ƙofa. Ya tsaya a waje, daidai inda ubansa yake tsayawa. Ya ce, "Baba, ban zo shiga ba. Miƙo mini ƙarfen kankarewata da butata, suna rataye a ƙusa." Na dube shi, na ga kafaɗar hagu ta sauka, ta fi ta dama ƙasa da faɗin yatsa uku. Na ce, "Tuɓe." Ya ce, "Baba, ka ga abin da ke jikin ƙofar nan kuwa?" Na ce, "Na gani. Tuɓe." Ya ce, "Korar ka za su yi. Ina za ka da tsufan nan? Don girman alloli ka bar ni in tafi." Na ce, "Shekara goma sha ɗaya ba ka taɓa yi mini musu ba, yau za ka fara? Shigo ka kwanta."

Ya shigo, ya kwanta. Na ɗebi mai daga randar gari, ba daga butata ba, na shafa masa tun daga wuya har diddige, na bi jijiyar nan har ta saki, ya ɗaga hannu sama da kai. Mai tsaron ƙofa yana tsaye, masunta biyu suna wucewa, na kira su na ce su duba da kyau, don kada a wahala neman shaidu.

Saboda haka, ya ku mutanen gari, hukuncinku na yau ya zama na mutum biyu. Ba ni da gona, ba ni da jirgi, ɗakin da nake kwana ma a cikin gidan kokawar yake. Ba zan yi muku ƙaryar jarumta ba, ina jin tsoro. Amma na auna, na ga zan iya kwana a bakin teku, ba zan iya kallon kafaɗar nan tana mutuwa ina riƙe da ludayi ba. In kun soke dokar, gobe zan shafa masa, jibi ma haka, har ya shiga jirgi. In kun tabbatar da ita, zan kwashe tsummokarana kafin rana ta faɗi, ba sai an turo kowa ba, kuma gobe ku neme ni a bakin ruwa, za ku same ni durƙushe a kan bayansa. Abin da ya rage gare ku shi ne ko zai je Kos da sunanku, ko kuwa ya zauna a gida da lafiyayyen hannu, mu duka muna kallonsa.

Ina roƙon allolinmu: Zeyus mai kula da taruka ya daidaita zukatanku. Atina ta kori tsutsa daga zaitunmu, ta cika randunanmu baɗi. Harmis da Hirakilis su tsare gidan kokawa da duk wanda ke cikinsa, ko ina ciki ko ba na ciki. Masunta su dawo da jirage cike, manoma su koma tudu lafiya, dattawa su ga jikokinsu a rairayi, gwiwar Dorkon kuma kada ta sake tashi.

Shugaba, ka sa mai shela ya kira a ɗaga hannu. Nawa ga shi a sama tun yanzu, ku dube shi da kyau, ban wanke shi ba.

Na gode.