Ɓeraye da Giyar Jif

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Ishaku, daga wani ƙauye bayan Kafur. Ni ke tuƙa tsohuwar jif ɗin ikilisiyarmu, wadda Baturen mishan ya bar mana da zai koma gida.

Motar nan irin mai sauya giya da kanta ce, ba kuloci. Ka taka totur kawai, ita ta san sauran. Da damina, in hanyarmu ta zama taɓo, ita kaɗai ke iya fita da mara lafiya zuwa asibitin Malumfashi.

A daminar bara matata Rifkatu tana da tsohon ciki. Haihuwarta ta baya, wadda ta biyo bayan 'yarmu Ladi, a gida aka yi, ɗan bai zo da rai ba, ita ma da kyar ta sha. Nas ta ja mini kunne ta ce, “Malam Ishaku, wannan karon kada ka yarda ta haihu a gida. Da ta fara jin ciwo ka kawo ta.”

To, a daidai lokacin jif ta fara hauka. In na taka totur, injin ya yi ta kururuwa, giya ta ƙi shiga. Can sai ta shiga da ƙarfi, kau! har kaina ya bugi rufi. Wata rana ta yi lafiya lau kamar ba ita ba, gobe ta koma gidan jiya.

Na lallaɓa da ita Funtua. Bakaniken farko ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya ce, “Ina kulocin?” Daga nan na san ban zo ba. Na biyu ya ce sai an sauke giyar gaba ɗaya, kayanta kuma sai Legas, in ma an samu. Kawuna kuwa cewa ya yi hannu aka sa mata, mu je wurin boka. Na ƙi, amma ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta yi rawa.

'Yan'uwa, tsoro ya kama ni! Abinci ya daina shiga. In Rifkatu ta ɗan yamutsa fuska sai gabana ya faɗi. Ita ce ma ke ba ni haƙuri, tana cewa, “Baban Ladi, wanda ya ba da cikin bai manta da hanyar asibiti ba.”

Wata safiya na fita inda nake ajiye motar, a gindin rumbun masara. Na tashe ta, na bar ta tana aiki, na rasa abin yi. Sai na durƙusa a gefenta, goshina har ƙasa. Ban iya doguwar addu'a ba. Cewa kawai na yi, “Ya Yesu, na binne ɗaya. Kada ka bar ni in binne biyu.”

Da na buɗe ido, fuskata tana dab da ƙasa, sai na hangi kashin ɓera a ƙarƙashin motar, da ɗan ɓarɓashin baƙar roba. Kuma ina jin wani siririn huci, sss, kamar taya na sacewa.

Na ruga na kira maƙwabcina Malam Idi, wanda ya taɓa tuƙi a kamfanin gina hanya. Ya zaro sandar man giya, ya shinshina, ya ce, “Ja ne, bai ƙone ba. Giyarka lafiyarta ƙalau.” Ya kwanta ya shiga ƙarƙashi, ya bi hucin da hannu. Sai na ji yana dariya.

“Ishaku, ka ajiye mota a bakin rumbu, kana kwasar masara da ita, ka ce ɓeraye ba za su biya ka ba? Wannan ɗan tiyon shi ke gaya wa giya lokacin da za ta sauya. Sun huda shi, iska na shiga. In ramin ya matse ta yi daidai, in ya buɗe ta rikice.”

Ina za mu samu tiyo a ƙauye? Na tuna da famfon feshin audugata. Muka yanko guntu daga tiyonsa, muka cusa, muka ɗaure da waya. Na hau hanya. Giya ta ɗaya ta shiga, ta biyu, ta uku, sumul, ko motsi ban ji ba. Halleluya!

Ba a yi mako ba naƙuda ta zo, da rana tsaka, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Jif ta ratsa taɓon nan ba ta yi tari ba. A asibiti likita ya ce jaririyar a gicciye take, sai an yi aiki, kuma da mun makara da labari ya sha bamban.

Rifkatu, tashi su gan ki. Ga ta nan, ga jaririyar, Godiya, goye a bayanta. Motar kuwa na raba ta da rumbu, na kuma samo kyanwa.

Na yi ta zagaya jif ɗin nan a tsaye, makanikai sun zagaya ta a tsaye, ba wanda ya ga kome. Sai da na durƙusa. Duk mai ɗauke da tsoro a cikinku yau, kada ya gaji da kai gwiwa ƙasa. Yabo ya tabbata ga Ubangiji. Amin.