Ranar da Altanetata Ta Ƙone a Hanyar Farafra

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Mai girma shugaban ƙungiyar direbobin Dakhla, Alhaji Mitwalli. Dattawanmu da suka san hanyar Farafra tun ba ta ga kwalta ba. Ma'aikatan lafiya da suka baro aikinsu suka zo. Makanikan garin Mut, manya da ƙanana. 'Yan'uwana direbobi, da duk wanda ya taka ƙafa ya zo wannan rumfa: assalamu alaikum.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan dama, ina godiya ga waɗanda suka dafa mana shayin da muke sha. An ce in yi magana a kan altaneta, wato na'urar da ke haifar da wutar mota, saboda a bana kaɗai a-kori-kura shida aka jawo daga rairayi, dukkansu da ciwo iri ɗaya. Ni Sabri Abdel-Mawla ba makanike ba ne. Direba ne, shekara talatin da ɗaya ina jan motar rigakafi. Wanda ya cancanci tsayuwa a nan shi ne Usta Girgis mai gyaran wutar mota, amma yau shekara bakwai ke nan da 'yarsa ta ɗauke shi zuwa Ostareliya bayan idonsa ya raunana. Abin da zan faɗa nasa ne, ni dako kawai nake yi.

Magana ta farko: batir ba ya haifar da wuta, ajiye ta yake yi. Na koyi wannan ne a shekarar da na ƙawata motata. Na sa firji na maganin rigakafi, na sa rediyon kira, na sa injin jan mota a gaba, na jera manyan fitilu huɗu a bisa rufi. Sannan na ƙara batir na biyu, na haɗa shi kai tsaye da na farko, na tuƙa zuwa shagon Usta ina taƙama. Ya zagaya motar sau biyu, sannan ya ɗaga bonet.

Ya kira ni da laƙabina ya ce, "Abu Hoda, wannan mota ce ko gidan biki?"

Na ce, "Hassada ce ke damunka, Usta. Batir biyu gare ni."

Ya ce, "Tulu biyu gare ka, rijiyar kuwa ita ce dai ta da. Altanetarka wutar amfiya hamsin da biyar take bayarwa. Kawo takarda mu ƙirga bakunan da za ta ciyar."

Magana ta biyu ita ce wannan ƙirgar, kuma ina roƙon matasanmu su riƙe ta. Injin da fitilun asali da fanka suna cin kusan talatin. Fitiluna huɗu suna cin fiye da ashirin. Firji biyar, rediyo kaɗan. Batir na biyu idan ya ji yunwa, shi kaɗai zai nemi talatin. Injin ja kuwa, a 'yan mintocin da yake aiki, ɗaruruwa yake zuƙa. Ku haɗa duk abin da zai yi aiki lokaci guda, ku ƙara kwata a kai, domin altanetar da ake kai wa maƙura kullum ba ta tsufa, ƙonewa take yi. Kuma ku sani, lambar da aka rubuta a jikinta sai mota tana gudu ake samunta. Idan injin yana aiki a tsaye, cikin zafin ranarmu, da kyar ku sami rabi.

Usta ya ce in ba shi kwana uku ya nemo babba daga Asyut, ya canja waya, ya sa abin da zai raba batiran don kada ɗaya ya shanye ɗan'uwansa. Na ce ba ni da kwana uku. Na ce masa, "Ka cika tsoro kamar tsohuwa." Ya yi dariya ya ce, "Tsofaffi ai tsoro ne ya kai su tsufa."

Washegari da safe muka kama hanya, ni da ma'aikaciyar jinya, Sitt Wafiya, da allurar ƙyanda ta yara ɗari da tamanin a cikin firji. Bayan mun sauka daga kwalta muka nufi wani ƙauye, sai rairayi ya riƙe mu. Na binne tayar safaya ta zama turke, na ɗaura mata igiya, na kunna injin ja. Na ja, na sake ja, injin mota yana tsaye yana gurnani, firji yana aiki, rana tana tsakar ka. Mun fita, amma kafin mu yi nisa sai na ji ƙaurin waya, jar fitila ta kama a gabana. Na ci gaba a kan ragowar wutar batiran har motar ta yi shiru.

'Yan'uwa, a nan ne aka bar ni da zaɓin da ba na yi wa kowa fatansa. 'Yar wutar da ta rage, ko dai firji ya ci, ko rediyo. Sitt Wafiya ta dafa murfin firjin da hannu biyu ta ce, "Kawu Sabri, iyaye mata suna can a layi tun safe." Na ce, "'Yata, idan ba a san inda muke ba, babu mu, babu allurar." Na cire wayar firjin da hannuna. Na kira sau ɗaya, aka amsa, na faɗi inda muke, rediyon ya mutu.

Ta jiƙa mayafinta da ruwan shanmu ta lulluɓe kwalaben. Ƙanƙarar da muka taho da ita ta narke kafin la'asar. Da rana ta yi sanyi sai ga ƙura daga kudu: Usta Girgis ne a motar ƙaninsa, da altaneta mai amfiya ɗari da ashirin wadda ya ciro daga motar wani abokinsa. Na shirya wa zagi. Bai zage ni ba. Ya miƙo mini gurasa da cuku ya ce, "Ci, sannan ka riƙe mini fitila ta hannu, ba irin taka ba."

Allurar ta lalace. Sai bayan mako uku muka koma da wata, kuma a cikin makonnin nan ƙyanda ta shiga ƙauyen. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi, amma wata yarinya ta rasa jin kunnenta ɗaya. Yanzu matar aure ce, tana gaishe ni idan mun haɗu a kasuwa, tana juyo mini da ɗaya kunnen. Ba ta san dalilin da nake sunkuyar da kai ba.

Saboda haka magana ta uku gajera ce. Idan kun sa babbar altaneta, ku sa mata waya mai kauri, ku sa fis kusa da kowane batir, ku duba fambel, ku raba batiran domin batirin tayar da mota ya zauna da ƙarfinsa. Kuma idan mai sana'a ya ce ku jira kwana uku, ku jira.

Ina kewar Usta. Ina kewar shayinsa mai ɗaci, ina kewar gardamarmu, ina kewar yadda yake rufe shago ranar Juma'a ya jira ni in fito daga masallaci, ni kuma ranar Lahadi in kai shi coci. Makon jiya na kira shi. 'Yarsa ta ce ya fara mantuwa, kada in ji haushi. Na faɗi sunana sau uku kafin ya gane. Bai tambaye ni mota ba, bai tambaye ni kowa ba. Ya ce, "Sabri, zaitun ɗin nan na ƙofar shagona, ya yi 'ya'ya bana?" Kun san an sare shi shekara biyu da suka wuce, da aka faɗaɗa titi. Na ce masa, "Ya yi, Usta, har rassan suna taɓa ƙasa." Ya ce, "To, ka ajiye mini kaɗan, ina nan zuwa." Allah Ya yafe mini wannan ƙarya.

Allah Ya ba shi sauƙi a inda yake. Allah Ya tsare ku a kan kwalta da kan rairayi, Ya mayar da kowane direba ga iyalinsa lafiya. Allah Ya sa albarka a wannan ƙungiya da shugabanninta, Ya haɗa mu da waɗanda muke kewa, a nan ko a inda Ya so.

Kun yi haƙuri da tsoho. Na gode.