Waken da 'Yan Makaranta Suka Tuge Mini

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka da masu sauraro. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Bici.

Ƙanina da ke birni ya sa 'yarsa Hauwa a makarantar da ake koyar da karatun ƙasar Kanada. A daminar nan ya roƙe ni in bar 'yan ajinsu su zo ganin gona. Suka iso da malamarsu, na raka su, na koma gida ɗauko musu fura.

Da na dawo sai na tarar sun tuge waken da na shuka a tsakanin gero, har kunya takwas, sun tara shi suna ɗaukar hoto.

Na ce, "Malama, me ya yi zafi haka?"

Ta ce, "Baba, taimakonka muka yi. A littafinmu gona ɗaya shuka ɗaya ce, sauran duk ciyawa ce."

Malam, tun kakanninmu gero da wake tare muke shuka su. Kuma matar nan 'yar Kano ce, ba daga Kanada ta zo ba. Ita ma Hauwa kullum da ƙosai take karyawa, amma ba ta san ganyen wake ba.

Ƙanina ya ce in yi haƙuri. Masu sauraro, ku ba ni shawara, in je makarantar ko in yi shiru? Don na ji wai da kaka za su dawo su taya ni girbi.