Rumfar Cajin da Ta Ceci Shinkafarmu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Ni ne Modu mai caji, daga wani ƙauye a bakin fadama tsakanin Gashuwa da Nguru. Murna ce ta sa na rubuto!

Bara na sayar da keken ɗinkina a Gashuwa, na sayi sola, na kafa rumfar cajin waya a nan. Abokaina suka yi ta dariya, wai na kai jarina daji. Wasu kuma suka ce kada in sake da makiyaya. Ni kuwa duk wanda ya kawo waya sai in sa masa caji, mu sha shayi.

To, ana tsakiyar yankan shinkafa, bayan azahar sai ga kiran Buba, wani makiyayi da ke caji wurina. Yana can gaba da shanunsa. Ya ce, "Modu, ruwa ya ɓalle, ya nufo ku! Ku kwashe abin da ke fadama!"

Wallahi ko takalmi ban sa ba na ruga masallaci. Ladan ya yi shela, muka fita maza da mata da amalanke. Kafin magariba damin ƙarshe ya hau tudu. Washegari, inda muka kwashe shinkafar nan kwalekwale ke yawo!

Masu sauraro, ku ba ni shawara. Mun kai wa Buba buhun shinkafa, ya ƙi karɓa. Me ake yi wa irin wannan mutumin?

Buba, in kana ji, muddin ina raye wayarka ba za ta ƙara mutuwa ba.