Za Mu Kira Ki

Auta: Assalamu alaikum. Yaya?

Yaya: Wa alaikumus salam! Autar Inna, yau an tuna da mu? Ya jiki?

Auta: Da sauƙi. Ya yara? Ya babansu?

Yaya: Lafiya lau. Ya takwarata? Ta daina kukan makaranta?

Auta: Ta daina. Jiya ma ta ce in ara mata hulata, wai ita ma tana son sanƙo irin nawa.

Yaya: Ja'ira! An yi miki ƙarin ruwan maganin yau? Na biyar ko?

Auta: Na shida. Ban shiga ba tukuna. Ina zaune a kan matakalar bene.

Yaya: A kan me? Layin yana yankewa.

Auta: Matakala! Ta asibiti.

Yaya: Me ya kai ki zaman matakala da wannan jikin? Ke, muryarki ba daidai ba. Kuka kike yi?

Auta: Yaya, kin tuna ƙullutun nan da suka cire min a nono, suka kai gwaji?

Yaya: Ba ni na raka ki ba? Bara waccan.

Auta: Me nas ɗin ta ce mana da za mu tafi?

Yaya: Ta ce in an ga matsala za su kira ki. In ba ki ji kira ba, lafiya lau ke nan.

Auta: To. Yau masinjansu bai zo ba, sai suka miƙo min fayil ɗina, wai in hau da shi wajen likita da kaina. Na gaji a tsakiyar bene, na zauna, na buɗe. Kin san malamar makaranta da karance-karance.

Yaya: Sai me?

Auta: Sakamakon yana ciki. Tun kwana tara da yin aikin ya fito. Ciwon daji, matakin farko. An rubuta da jan biro, "A kira ta da gaggawa." Har layi biyu aka ja a ƙasa.

Yaya: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!

Auta: Wata goma sha huɗu yana kwance a fayil, ni kuma ina gida ina shafa man zafi. Sai da abin ya kai ƙashin baya.

Yaya: Ko dai lambar ce suka rubuta ba daidai ba?

Auta: Na duba sau uku. Ita ce wannan da nake kiran ki da ita. Ko wanka zan shiga a lokacin, da wayar nake shiga.

Yaya: Wayyo Allah. Auta, ni ce. Kin ce za ki koma ki tambaya, na ce shirunsu alheri ne, kada ki tono wa kanki ciwo. Da bakina na faɗa.

Auta: Ba don wannan na kira ki ba.

Yaya: Ni na kashe ki.

Auta: Haba! Ban mutu ba tukuna, ki bari sai na mutu ki yi wannan kukan. Saurara. Na ɗauki hoton takardar. Babbar nas ta gan ni, ta riƙe hannuna, wai in rufa musu asiri, ƙaddara ce.

Yaya: To ai ƙaddarar ce, Auta.

Auta: Ciwon ne ƙaddara. Kiran waya kuma aikin mutum ne. Ranar Litinin zan kai ƙara ofishin shugaban asibitin. In ya yi min hanya-hanya, gidan rediyo zan tafi. Ke ce shaidata, a gabanki waccan nas ɗin ta ce za su kira ni.

Yaya: Ke! Su ne fa masu neman jijiyarki duk sati uku. In suka juya miki baya, ina za mu kai ki? Ki bari a gama maganin.

Auta: Maganin nan ba na warkewa ba ne, Yaya. Likita ya faɗa min tun watan jiya, na jinkiri ne.

Yaya: Ba ki gaya min ba.

Auta: Na kasa. Yanzu haka ga mata nan a layi a ƙasa, kowacce an ce mata ta tafi gida ta jira kira. Akwai mai goyo a cikinsu. Za ki zo?

Yaya: Ina jin tsoro wallahi.

Auta: Ni ma. Amma in takwararki ta girma ta tambaye ki, ina so ki ce mata uwarta ta yi magana. In kuma muryata ta ƙare kafin a gama, ke za ki ƙarasa.

Yaya: Zan zo. Da motar farko zan zo. Me zan kawo miki?

Auta: Bakinki kawai. Yaya, katina ya kusa ƙarewa, ga shi ana kiran sunana a sama.

Yaya: Kashe, kashe. Je ki a sa miki ruwan, zan kira ki.

Auta: Haka su ma suka ce.

Yaya: Auta! Hello? Auta?